Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida: Wa Ya Shigo Mana Da Shi Har Ɗaka?

Maganar da muka zo da ita yau ba mai daɗin ji ba ce, kuma mun san za a sami waɗanda za su ce mun yi rashin kunya. Sai a yi mana uzuri, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ma'ana, kowanne da muhallinsa. Idan mutum ya shiga daji ya ji motsin da bai gane ba, tsoro ne zai cece shi. Idan ya dawo cikin mutane, kunya ce za ta hana shi zubar da mutuncinsa. Amma a wannan yanki namu tsoro ya daɗe da baro daji, ya shigo gari, ya shige har ɗaka, ya ari hular kunya ya sa. Ba a kiransa da sunansa. Yau a ce haƙuri, gobe a ce biyayya, jibi a ce kawaici ko rufin asiri, in abin ya yi tsanani a ce tawakkali. Dukkan waɗannan halaye ne na kirki, shi ya sa tsoro ya zaɓe su ya laɓe a bayansu, don ya san ba wanda zai so a ce yana faɗa da haƙuri. Rigimarmu a yau da wannan tsoro mai aron suna ce, da kuma masu koya wa 'ya'yanmu shi a matsayin tarbiyya.

Mu fara da inda abin ya fi zafi. Babu wanda ya girma a ƙasar Bade ko Nguru da zai ce bai san ciwon ƙoda ba. Da wuya ka sami unguwar da ba ta yi jana'izar wanda wannan ciwo ya ɗauke ba, kuma da yawansu ba tsofaffi ba ne, magidanta ne da matasa masu ƙarfi a jika, manoma da masunta da 'yan kasuwa da malaman makaranta. Sunan Gashuwa ya kai ga idan aka ambace shi a jaridun ƙasar nan, sau da yawa ciwon ƙoda ne ke biye da shi. To, ga tambaya: a cikin duk masu karanta wannan rubutu, mutum nawa ne suka taɓa zuwa asibiti da ƙafarsu, ba tare da suna jin ciwon komai ba, suka ce a duba musu lafiyar ƙodarsu? Ka jarraba ba abokinka wannan shawara a majalisa ka ji amsar da zai ba ka. Zai ce kada ka jawo masa, ko ya ce wanda ya je neman ciwo zai same shi, ko ya ce gara ya zauna bai sani ba.

Wannan amsa tsoro ce tsagwaronta, kuma tana kisa. Likitoci sun sha bayyana cewa ciwon ƙoda ba ya yin sallama. Ƙoda tana iya rasa mafi yawan ƙarfinta alhali mai ita yana zuwa gona, yana hawa babur, yana cin tuwonsa. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, da amai, da kasala, da fitsari mai kumfa ko wanda ya ragu, sau da yawa aikin gama ya gama. Daga nan sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, a yi ta jigila zuwa Damaturu ko Maiduguri ko Kano, a sayar da gona, a sayar da shanu, a sayar da kwalekwale, daga ƙarshe a fara yawo da takardar neman taimako. Alhali abin da ake buƙata tun farko bai wuce a auna hawan jini, a auna suga, a gwada fitsari don ganin ko yana fitar da furotin, a kuma ɗebi jini kaɗan a duba sinadarin da ke nuna yadda ƙoda ke tace datti ba. Idan aka gano matsalar da wuri, ana iya rage mata gudu shekara da shekaru ta hanyar shan maganin hawan jini ko na suga a kan ƙa'ida, da rage gishiri, da shan isasshen ruwa, da barin magungunan da ke cinye ƙoda.

Abin mamaki, mutumin da yake tsoron allurar gwaji ba ya tsoron haɗin gajiya. Ya yini a fadama a ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gumi ya tsiyaye masa ruwan jiki, da yamma ya tsaya a kemis ko wurin mai talla a ƙulle masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, cikinsu har da irin su Diclofenac da Ibuprofen, ya watsa a baki, gobe ma haka. Ya sayi jiƙon da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki daga hannun mai lasifika a kasuwa. Ya yi feshin maganin ciyawa ba safar hannu ba takunkumi, ya wanke tankin feshin a bakin ruwan da ake kamun kifi. Duk wannan bai ba shi tsoro ba, sai farar rigar likita.

Mun san abin da za a ce mana: talaka ne, idan an gwada shi an gano ciwon, da me zai yi magani? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a dube ta da kyau. Talaucin da ake kafa hujja da shi, shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata talaka ya riga mai kuɗi zuwa gwaji. Mai kuɗi idan ƙodarsa ta mutu yana da halin tafiya Indiya ko Masar a yi masa dashe. Talaka ba shi da wata kariya sai ya gano abin tun yana ƙarami, lokacin da ƙwayar hawan jini da canjin abinci za su iya riƙe shi. Kuɗin gwaji na shekara guda bai kai kuɗin wankin ƙoda na mako ɗaya ba. Masu cewa a bar wa Allah kuwa, malamanmu na kowane ɓangare sun sha karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Manomin da ya yi tawakkali ba ya barin iri a rumbu ya ce Allah zai shuka masa.

Akwai kuma wani tsoron da ke tasowa duk lokacin da aka ce masu bincike za su zo ɗibar jini ko ruwan rijiya. Nan da nan sai raɗe-raɗi ya tashi: ina za a kai jinin, me za a yi da shi, wa ya aiko su? Wannan zargi yana da tushe a tarihin Arewa, kuma ba za mu ɓoye shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Amma a tuna abin da tsoro ya haifar bayan haka. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, ba a dawo da shi a Kano ba sai 2004, cutar ta bazu har zuwa wasu ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka nakasa har abada. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da wannan cuta. Darasin Trovan shi ne a riƙa tambaya, a nemi bayani, a ga takardar izini, a san wanda zai ɗauki alhaki. Kulle ƙofa da korar kowa bai taɓa kare kowa ba.

Yau kuwa masu binciken ba baƙi ba ne. A Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu akwai cibiyar binciken lafiya ta BioRTC, wadda ɗan jihar nan Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, kuma ciwon ƙodar yankinmu yana cikin abubuwan da take bincike a kai. A 2023 Gwamna Mai Mala Buni ya je Ingila neman haɗin gwiwar masana kan wannan matsala. Ba mu kaɗai ke fama da irin wannan ba. Manoman shinkafa na arewa ta tsakiyar Siri Lanka, da masu saran rake na Nikaragwa da El Salbado, da mutanen yankin Uddanam na Indiya, duk sun ga ciwon ƙoda yana kwashe majiya ƙarfi ba tare da suna da suga ko hawan jini ba. A Siri Lanka an kafa injinan tace ruwan sha a ƙauyuka. A Nikaragwa an fito da tsarin ba leburori ruwa da hutu da inuwa a lokacin aiki, aka kuma ga raguwar lahanin da zafi ke yi wa ƙodarsu. Ba su kai ga haka ba sai da mutanensu suka yarda aka gwada su, kuma suka ɗaga murya har duniya ta ji. Haƙƙinmu ne mu ba masu bincike haɗin kai, haƙƙinmu ne kuma mu tsaya a kansu su dawo su gaya mana abin da suka gano, da Hausa da Badanci da Manganci, a fadar mai unguwa da gidan rediyo, kada sakamakon ya ƙare a takardun Turanci da taron otal.

Wannan ya kawo mu ga tsoro na biyu, wato tsoron tambaya. An raine mu a kan cewa yaro ba ya tambayar babba, talaka ba ya tambayar mai mulki. Girmama manya abu ne da ba za mu taɓa yarda a raba mu da shi ba. Amma kujerar kansila, da ta shugaban ƙaramar hukuma, da ta ɗan majalisa, da ta gwamna, ba gadon gidan kowa ba ne. Aikin jama'a ne, da ƙuri'ar jama'a aka hau, da kuɗin jama'a ake biyan albashi. Yankin nan ya fitar da shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Ahmad Lawan, daga 2019 zuwa 2023, kujera ta uku a ƙasar nan. Muna da Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, muna da Asibitin Tarayya a Nguru. Wanda ya ce ba a yi komai ba ya yi ƙarya. Amma wanda ya ce tunda an yi wannan sai kowa ya rufe bakinsa, shi ma bai yi mana adalci ba. Godiya ga abin da aka yi ba ta hana a tambayi abin da ya rage, musamman ruwan sha mai tsabta, wanda shi ne abin da kowa ke zargi a maganar ƙoda.

Doka ma tana bayan mai tambaya. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 40 ya ba shi 'yancin haɗuwa da wasu su kafa ƙungiya. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma takarda ya nemi bayani, kuma ta ɗibar wa hukumar kwana 7 ta amsa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana buga shi a fili. To, ƙungiyoyinmu nawa ne suka taɓa zama suka rubuta takarda mai ladabi, da sa hannun mutum 50, suka ce ranka ya daɗe, nawa ya shigo wa Bade ko Nguru a watan jiya, kuma me aka yi da shi? Mun fi gane mu yi gunaguni a teburin mai shayi, idan mai girma ya iso kuma a miƙe ana kirari.

Dubi maganar kachalla. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin ruwan da ke gangarowa ta Haɗeja ya canja, ruwan da a da yake zuwa ya janye a kan lokaci ya koma zama a wasu wurare duk shekara, kachalla ta sami wurin zama ta toshe magudanai, ta cinye gonakin fadama da wuraren su, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki. Wani wuri ruwa ya yi yawa ya ci gari, wani wuri kuma ƙasa ta bushe. Wannan dausayi na Haɗeja da Nguru duniya ta san da zamansa, domin tafkin Nguru da mashigar Marma ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Baƙi suna zuwa Dagona kallon tsuntsayen da ke tasowa daga Turai. Manomanmu da masuntanmu sun sha yin aikin gayya suna saran kachalla da lauje cikin ruwa har wuya, wanda ba aikin rago ba ne. Amma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke riƙe da makullin ruwan, sau nawa ta ga wakilan waɗannan manoma a ofishinta da takarda a hannu? Wanda bai ji tsoron shiga ruwan kachalla ba, bai kamata ya ji tsoron shiga ofis ba.

Masu cewa shiru ya fi zaman lafiya, su tuna ranar 1 ga Agusta, 2024. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama ɓarna, har gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita a Potiskum da Gashuwa da Nguru. Yaran da suka fito ran nan ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan gidajen da aka koya musu su haɗiye komai ne, ba a taɓa nuna musu yadda ake kai koke a rubuce ba, ba su taɓa ganin babba ya tsaya gaban hukuma ya faɗi gaskiya cikin natsuwa an saurare shi ba. Tukunyar da aka danne wa murfi tana kan wuta, kowa ya san ƙarshenta. Fasa shago da ƙona dukiyar jama'a ba jarunta ba ce, kuma ba ma goyon bayanta ko kaɗan. Amma al'ummar da ta toshe ƙofar magana ta daina mamaki idan an shigo mata ta katanga.

Idan ana neman misalin jarunta ta gaskiya, ba sai an je nesa ba. Dapchi tana kan hanyarmu ta zuwa Damaturu. A ranar 19 ga Fabrairu, 2018, aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta garin. A kwanakin farko bayanan hukuma sun yi ta karo da juna, har aka sanar cewa an ceto wasu daga baya aka janye maganar. Iyayen yaran, talakawa ne irinmu, ba su da bindiga ba su da ɗan majalisar da zai tsaya musu a wannan dare, suka haɗu suka rubuta sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, suka miƙa wa duniya. Wannan jerin sunaye ya hana a shashantar da maganar. A ranar 21 ga Maris aka dawo da mafi yawansu, wasu sun rasu a hanya, Leah Sharibu kuma ba a sako ta ba. Waɗannan iyaye suna jin tsoro kamar kowa, amma ba su bari ya ɗaure musu harshe ba.

Mun san abin da jihar nan ta gani. Mamudo da Gujba a 2013, Buni Yadi da Potiskum a 2014, duk makarantu ne, duk 'ya'yanmu ne. Uban da gabansa ke faɗuwa idan za a kai 'yarsa makarantar kwana, ba mu ga laifinsa ba. Inda muka rabu da shi shi ne idan ya cire ta gaba ɗaya ya ce karatun ya isa. Wannan shi ne ainihin abin da waɗanda suka kai harin suke so, sai ga shi an ba su a ruwan sanyi. Gobe kuma shi ne zai kai matarsa asibiti ya ce shi bai yarda namiji ya duba ta ba. Daga ina likita mace da ungozoma za su fito idan kowa ya kulle tasa 'yar? Taka-tsantsan shi ne iyaye su haɗu su je su ga katangar makarantar, su tambayi masu gadi nawa ne, su matsa a gyara, ko su nemi ta jeka-ka-dawo mafi kusa.

Tsoro na uku shi ne wanda ya fi cin matasanmu, wato me mutane za su ce. Yaro ya gama jami'a ko Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman ko ɗaya daga kwalejojin Nguru, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna shekara uku, huɗu, yana jiran ofa. Kullum da safe ya goge takalmi ya tafi ƙofar gidan wani ɗan siyasa, da dare ya zama sojan baka a Facebook don a tura masa kati. Ka ce masa ga noman rani, ga harkar bandar kifi, ga gyaran waya, ga haɗa sola, ga sayen riɗi da ƙaro a ƙauye, sai ya ce ai shi mai digiri ne, za a yi masa dariya. Wa zai yi dariyar? Waɗanda ke zaune tare da shi a kan benci ɗaya, su ma ba su da ko sisi. Gwamnatin Yobe, tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, ba ta taɓa iya ɗaukar duk masu takarda aiki ba, kuma babu gwamnatin da za ta iya. Shekarun da yaro ya ɓata yana jira, da ya sa su a sana'a da tuni ya wuce matakin faɗuwar farko. Hausawa sun ce matsoraci ba ya zama gwani.

A nan iyaye da 'yan majalisa suna da nasu kason. Idan yaro ya fara sana'a ya karye, maimakon a tambaye shi inda ya yi kuskuren lissafi, sai a mai da shi abin misali: ai ga wane can, ya ɗauki kuɗin gado ya zuba a kaji duk suka mutu. Idan yarinya ta fara sayar da kaya ta waya, a ce idonta ya buɗe. Idan matashi ya ce zai tsaya takara, alhali tun 2018 doka ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, a ce ɗan wa ye shi? Sai a kawo karin maganar nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. To, ba wanda aka haifa da iya rawa. Duk gwanin da ka gani a fage ya taɓa yin muguwa, an yi masa dariya, ya sake tashi.

Wannan hali baƙo ne a ƙasar nan. Nguru mazaunin Galadiman Borno ce tun ƙarnoni da suka wuce. Da layin dogo ya iso daga Kano a 1930, garin ya cika da mutanen da suka baro garuruwansu ba su san kowa ba, Hausawa da Barebari da Fulani da Yarabawa da Inyamurai da Kwara, suna hada-hadar gyaɗa da fata da ƙiraga da ƙaro da shanu. Badawa kuwa a ƙarni na 19, ƙarƙashin Lawan Babuje, suka gina ganuwar Gogaram suka tsaya da ƙafarsu tsakanin manyan dauloli biyu. Matan da ke bandar kifi a bakin kogin Yobe, da fataken da ke kai kanwa da dabbobi kudu, ba wanda ya ba su ofa. Jikokin waɗannan mutane ne yau ake gaya wa cewa rufin asiri shi ne zama wuri ɗaya.

Ya kamata kuma mu tambayi kanmu, wa ke cin ribar wannan tsoro? Domin ruwa ba ya tsami banza. Mai lasifikar da ke sayar da jiƙo yana cin abinci ne da tsoron asibiti. Dillalin da ke sayen riɗi da shinkafa a kan farashin da ya ga dama tun suna gona, yana cin abinci ne da tsoron da manoma ke yi na haɗa kai su kai kayansu babbar kasuwa da kansu. Ɗan siyasar da ke raba taliya da atamfa ranar zaɓe ya fi kowa son matashin da ba shi da sana'a, don shi ne mai arha. Duk wanda ya ce maka ka yi shiru don zaman lafiya, ka duba ka gani ko shirun naka yana ƙara masa wani abu a aljihu.

Ba muna cewa kowa ya zama marar kunya ba ne. Zagi a Facebook ba jarunta ba ce, ƙage da yaɗa hoton da ba a tabbatar ba ma haka, kuma suna iya kai mutum gaban alƙali. Wanda ya tsaya shi kaɗai ana iya murƙushe shi, wannan gaskiya ce, shi ya sa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da muke kira a kai a fili yake. Kowane magidanci ya sa rana a wannan wata ya je a auna masa jini da suga da fitsari, ya tafi da uwargida, kada ya jira sai Ranar Ƙoda ta Duniya da ake yi a Alhamis ta biyu ta watan Maris. Ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa da na masunta su yi magana da ma'aikatan lafiya a shirya gwajin gayya, a haɗa kuɗi a biya wa marasa hali, kamar yadda ake haɗawa idan an yi rasuwa. Masu aikin rana su riƙa tafiya da ruwa, su huta a inuwa idan rana ta take, su rabu da haɗin gajiya. Kowace mazaɓa ta fitar da mutane masu mutunci, maza da mata, su rubuta tambayoyi uku kacal kan ruwan sha da asibiti da makaranta, su kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, su karɓi shaidar an karɓa, su koma bayan wata guda. Masu sana'a a cikinmu kowa ya ɗauki yaro ɗaya mai takarda ya koya masa, idan ya faɗi a ɗaga shi.

Ga iyayenmu sarakuna, Mai Bade da Sarkin Nguru da Mai Machina, da hakimai da dagatai da limamai, muna roƙo cikin ladabi, Allah ya ja zamaninku: idan talaka ya ga babba ya miƙa hannu an ɗebi jininsa a bainar jama'a, rabin tsoron ya tafi. Idan ya ga an kawo koke fada an saurara ba a kira mai koken ɗan tawaye ba, sauran rabin ma zai bi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya zaunar da yankinmu da jiharmu lafiya. Wanda ya ga inda hujjarmu ta gaza, ƙofa a buɗe take, ya fito ya faɗa da sunansa, mu ma za mu saurara.